Ranar da Aka Ɗauki Baba a Motar Kifi

Ranar Laraba ce, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji uku, na ga mataccen kifi ya tashi da idona. A tsakar gidanmu na unguwar Banikanni ne, a Parakou, wajen azahar, rana tana dukan kwanon rufi har ka ji shi yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Ranar Laraba ba ma komawa lakwal, wato makarantar boko, da yamma, shi ya sa Inna ta zaunar da ni gaban baho ta ce in gyara tarwaɗar da Baba ya shigo da ita, tunda gari ya cika da nama, ba mai waiwayar kifi a kasuwa. Da asuba masunta suka kamo ta a kogin Okpara, tun hantsi kuma take binne cikin fasasshiyar ƙanƙara. Na ɗago ta da hannu biyu, baƙa wuluk, a sandare kamar muciya, gashin bakinta ya daskare. Na tsoma ta cikin ruwan da ya sha rana don yauƙin ya saki, na tafi murhu ɗebo toka, na tsaya a hanya ina tsokanar akuyar maƙwabta. Da na dawo na durƙusa, sai na ga gashin baki ɗaya ya motsa. Na ce ai ruwa ne ke kaɗa shi. Sai bakin ya buɗe a hankali, ya rufe, ya sake buɗewa. Na kasa tashi, na kasa ihu, har sai da ta kaɗa jela ta watsa mini ruwa a fuska. Sannan muryata ta dawo, na kurma ihun da ya fito da matan gida uku ba mayafi.

Baba yana kwance ƙarƙashin motarsa a ƙofar gida yana ɗaure wani abu. Ya shigo da baƙin mai a hannu, ya leƙa bahon, ya yi dariya har yana riƙe ciki. "Barci take yi, Balki," ya ce. "Sanyi ne ya kwantar da ita, ɗumi ya tashe ta." Ya ɗauki taɓarya ya gama da ita, da magariba muka ci ta da sakwara. Ba zan yi ƙarya ba, na ci har na suɗe kwano. Amma maganar tasa ta zauna mini daram a kai.

Sana'ar Baba ke nan, kai kifi daga Parakou zuwa Djougou, garin iyayensa. Sunansa Alasan, amma daga tasha har ƙauyukan bakin hanya Mai Ƙanƙara ake ce masa. Kakanninsa fataken goro ne da suka yada zango a Djougou suka ƙi tashi, shi kuma ya gaji tafiyar, bai gaji goron ba. Motarsa bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓewa da tamfol, an ce fara ce a da can kafin in san ta. Sau biyu a mako yake lodi: kwalayen kifin teku da ke zuwa daga Cotonou a daskare, da ɗanyen kifin Okpara, tarwaɗa da karfasa. Yakan ce, "Kakanninmu tsoronsu kar goro ya bushe a hanya, ni tsorona kar ƙanƙara ta narke. Hanyar dai ita ce, ranar ma ita ce."

Yana da yadda yake shirya lodinsa, kuma ba ya son manya su sa masa hannu, wai gaggawa ta yi musu yawa. Da farko a shimfiɗa garin katako da muke ɗebowa wurin kafintocin layinmu, a baza shi da kauri. A kai a jera sandunan ƙanƙara, dogaye, kowace sai mutum biyu sun kama. A rufe su da tsofaffin buhunan goro da aka jiƙa, sannan a jera kifi, kai da jela, kai da jela, ciki yana kallon ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Sai a cusa fasasshiyar ƙanƙara a kowane lungu, kar a bar wa iska wurin zama. Daga nan wani buhun, sai tamfol, sai igiya. Fasa ƙanƙarar da cusa ta aikina ne, don hannuna yana shiga inda nasa ba ya shiga. Ladana kuwa guntayen da suka rage. Nakan zuba su a gwangwanin tumatir, in nannaɗe da tsumma, in tafi da su lakwal. 'Yan ajinmu masu kirana Balki Ƙarni su ne kan gaba wurin miƙo hannu in an fita shan iska, ni kuwa ba na mantuwa: duk wadda ta toshe hanci da na wuce a makon nan, sai dai ta kalli wasu suna tsotsa. A filin 'yar gala-gala ni ce mai faɗa a ji, har zuwa lokacin da gwangwanina zai koma ruwa.

A cikin makonnin nan ne Mushe, yadda muke kiran malaminmu da Faransanci, wani dogon mutum ɗan kudu, ya ɗaga mana littafin karatu ya nuna hoto. Wani mutum ne cikin ƙatuwar riga mai gashi, zaune a kan 'yar kujera a tsakiyar farin fili fetal, ya huda rami a gabansa ya zura ƙugiya. Mushe ya ce wannan filin kogi ne, sanyin ƙasarsu ne ya mai da samansa ƙanƙara, mutane suna tafiya a kai, su huda su ciro kifi. Aji ya kwashe da dariya, wata ta ce to jiragen ruwansu ƙafa gare su ke nan. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga hannu, da gurguwar Faransancina na tambaye shi ko kifin da ke ƙarƙashi ba ya mutuwa. Ya ce a'a, lafewa yake yi can ƙasa kamar mai barci, har zafi ya dawo. To, Baba ya faɗa, Mushe ya faɗa, ga shi kuma a littafi. A wurin 'yar shekara takwas magana ta ƙare.

In an yi hutu Baba kan tafi da ni Djougou. Tun kafin mu shanyo kwanar babban gida kuliyoyin unguwa sun gane kukan motar, sun jeru a kan katanga. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, ita ke tarbar kaya da wuƙaƙe da bahuna, matan gida su kewaye ta. A wanke tarwaɗa da toka da lemun tsami, a kankare karfasa, a farke ciki, a barbaɗa gishiri da yaji. Wani ya tafi kaskon suya, wani a lanƙwasa shi a soke da tsinke a ɗora a kan wayar banda, hayaƙi ya turnuƙe gidan har kayan da ke cikin akwati sai sun ɗauki ƙamshi. Mutum ɗaya ce ba ta matsowa, Kaka, mahaifiyar Baba. Tana zaune bakin ɗakinta da carbi, 'yar ƙaramar tsohuwa mai taurin kai, ba ta taɓa ƙanƙara ko da ɗan yatsa, mataccen ruwa take ce mata. Ni kuwa ƙawata take kirana, kullum muna faɗa, ta ce ina wari, in ce haƙoranta sun gudu sun bar ta. Mijinta, kakana, a hanyar fatauci ya rasu, can wajen Ghana. Abokan tafiya suka binne shi inda ya faɗi, suka kawo mata hularsa da butarsa. Har ta tsufa ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ba ta zancen, amma kowa a gidan ya san abin yana nan.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan tarwaɗar nan, ranar Asabar, a tsakiyar bazara, Baba ya tashi da sarawar ƙeya da ya kwana biyu yana ƙorafi a kai. Duk da haka ya fita ya ɗauko ƙanƙara, ya baza garin katako, aka kama masa ya jera sanduna, yana jiran masunta su iso. Ina cikin gida ina neman guntun ƙarfen da nake fasawa da shi na ji wani abu mai nauyi ya faɗi a waje. Ba ihu, ba kira, faɗuwar kawai. Aka sa Baba a motar maƙwabci zuwa asibiti, kafin rana ta take tsaka aka dawo da shi a lulluɓe. Inna ta zube a bakin rijiya, mata suka ɗauki salati. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini komai. Wannan ta dafa kaina, waccan ta ce in yi haƙuri, aka tura ni ɗakin maƙwabta. Amma na san mutuwa. Na ga lokacin da tsohon gidan da ke kallon namu ya rasu, aka fita da shi a makara, aka dawo da makarar ba shi. Na kifa kai a katifar mutane na yi ta kuka.

Baffa Idi, ƙanin Baba, ya tafi wurin masu waya a bakin titi ya kira shagon da ke kusa da gidan Kaka. Ya dawo ya ce ta ce a kai mata ɗanta. Limamin unguwa ya girgiza kai, ya ce gawa ba ta jira, inda mutum ya cika nan ƙasarsa take, ga wannan zafi, ga nisa. Baffa ya koma ya sake kira. Ta tagar ɗakin da aka ajiye ni na ji abin da ya dawo da shi. "Ta ce ta bar wa hanya miji, ba za ta bar mata ɗa ba. In ba a kai shi ba, da ƙafa za ta taho." A wurin Kaka duk inda ba Djougou ba hanya ce, ko da mutum ya shekara ashirin a wurin. Sai wani cikin mazan ya juya ya dubi bashe, sauran ma suka juya. Tana tsaye inda Baba ya bar ta, ƙanƙara a jere, ruwa yana ɗiga daga ƙasanta ɗis, ɗis, a kan yashi.

Na sulale na fito na laɓe a jikin ƙofa. Mazan suka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a kan ƙanƙarar, suka ɗora sabuwar tabarma, suka fito da Baba naɗe cikin farin zanen gado suka kwantar da shi. Baffa ya fasa ƙanƙara ya zuba a leda yana jerawa a gefensa, amma ƙattai-ƙattai ya fasa, ko'ina ga rami. Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Baffa, ba haka yake yi ba." Ba wanda ya kore ni, ina jin kunya ce ta kama su. Na hau, na farfasa ƙanana, na shiga cusawa a kowane lungu yadda aka koya mini, gefen wuya, bayan kafaɗa, tsakanin ƙafafu. Ina cikin cusawa a wajen kafaɗarsa tunanin ya faɗo mini. Ba a sa mamaci a ƙanƙara. Tsohon maƙwabcinmu ba a sa shi ba, ban taɓa jin wanda aka sa ba. Ashe kwantar da shi za a yi da sanyi har a kai shi wurin uwarsa a tashe shi. Manya sun sani, ɓoyewa suke yi don kar a yi wa abin baki. Nan take hawayena suka ƙafe. Ina ji wata mata tana cewa, yarinyar nan akwai tawakkali.

Baffa ne ya ja motar, Inna a jikin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, ni a tsakiya. Sauran mutane suka biyo mu a taksi. Akwai 'yar taga ta gilashi a bayan kujera, sai na juya na durƙusa ina leƙen baya. Hasken da ke ratsa tamfol kore ne, dishi-dishi, Baba yana kwance a cikinsa fari fat. Iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu take. Lokaci-lokaci ƙanƙara kan yi ƙara ƙas a baya, irin ƙarar da yatsun Baba ke yi in ya lanƙwasa su bayan dogon tuƙi, kuma duk sanda ta yi sai in ga wuyan Baffa ya ɗan noƙe. A wani shinge bayan gadar Bétérou jandarma ya taho yana murmushi, ya san motar, yana kiran Mai Ƙanƙara tun daga nesa. Kafin Baffa ya buɗe baki ya ɗaga gefen tamfol. Ya sake shi, ya ja da baya, ya cire hularsa, ya ɗaga mana sanda da kansa. A ƙauyen Onklou matan da suka saba sayen kifi suka taso da bahunansu a guje suna ɗaga hannu, muka wuce su ba ko tsayawa. Ina kallonsu ta tsagar tamfol suna ƙanƙancewa, ga layin ruwa da muke bari a kan kwalta yana bushewa tun kafin ya yi nisa.

Tsakanin Onklou da Partago abin ya faru. Hanya a miƙe take a wurin, ba rami, ba kwana. Ina kallo kafaɗar Baba ta dama ta yi ƙasa a hankali, kamar mai gyara kwanciya. Sai kansa ya juyo, sannu, sannu, har ya fuskanci tagar da nake. Zanen ya zame, kunnensa ya fito da gefen gemunsa, ruwa yana bin gashin. Na ce, "Inna, Baba ya juyo." Ban faɗa da tsoro ba, albishir nake yi mata. Ta finciko ni ta zaunar da ni ina kallon gaba. Baffa ya yi salati ya gangara ƙarƙashin wata bishiyar kashu ya tsaya. Ya zagaya baya, ya daɗe. Da ya dawo hannuwan rigarsa a jiƙe, fuskarsa ta yi furu-furu, bai ce uffan ba ya tada mota. Yau na san ƙanƙarar gefe ɗaya ce ta riga ɗayar narkewa, gefen da rana ke duka. A ranar kuwa shirun Baffa shaida ce a wurina.

Mun isa Djougou ana gab da la'asar. Kuliyoyi suka jeru a katanga yadda suka saba, yara suka kore su da duwatsu. Gida cike da mutane, bahunan Gwaggo Lami a kife a jikin bango. Aka shigar da Baba ɗakin da ke bayan zaure, ɗakinsa na samartaka. Ina shiga tsakar gida na ga babbar tukunyar Gwaggo a kan wuta, ruwa yana tururi, ganyen magarya yana yawo a kai. Ruwan ɗumi! Ashe daidai na fahimta. Sai na ji wani dattijo a bakin zaure yana cewa an gama haƙa, likkafani ma an ɗinke, da mai wanka ya iso a hanzarta a samu sallar la'asar. Na ja zanen Gwaggo na tambaye ta ko wankan yana daɗewa. Ta share ido ta ce ba ya daɗewa, yanzu-yanzu za a gama. Tarwaɗa da ba ta fi hannuna tsawo ba sai da na je murhu, na tsaya wasa da akuya, na dawo, sannan ta motsa. Baba ƙaton mutum ne, tun kafin azahar yake kan ƙanƙara, kuma ni da hannuna na cusa masa ita ba tare da na bar rami ko ɗaya ba. Za su watsa masa ruwa sama-sama, su naɗe shi, su ɗauka, ɗumin bai kai ciki ba. Sai an rufe ƙasa an watse zai farka. Na tsufa yanzu, na ga abubuwa, amma ban sake jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na faki idon mata na ɗebi ruwan tukunya a ƙaramin baho, na sirka da na randa, na bi ta lungun bayan ɗaki inda akwai wata 'yar ƙofa. Maza duk suna zaure suna jiran mai wanka. Ɗakin da duhu-duhu, yana warin jiƙaƙƙen buhu da ƙarnin motar da ya kama zanen. Na yaye wajen ƙafafu. Ga faso a dugadugansa, ga baƙin farcen babban yatsa inda sandar ƙanƙara ta taɓa faɗo masa. Na taɓa. Duk ƙanƙarar da na fasa a rayuwata ba ta kai ƙafar nan sanyi ba. Na yi ƙoƙarin ɗaga ta in sa a baho, ta ƙi lanƙwasuwa. Sai na cire kallabina na tsoma a ruwa na naɗe ta da shi, ina murzawa, ina cewa ƙasa-ƙasa, Baba yi sauri, Baba suna zuwa. Hasken 'yar ƙofar ya dushe. Na ɗaga kai, Kaka ce tsaye, ta dafa bango.

"Ƙawata, me kike yi?"

Na gaya mata duka, a jere, ba numfashi: tarwaɗa, da abin da Baba ya ce, da hoton Mushe, da juyowar da ya yi a mota. Na ce in suka binne shi yanzu a ƙasa zai tashi. Ina jiran mari, ko ta kira Gwaggo a fitar da ni. A daidai nan Baffa ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke ta wajen zaure. "Iya, mai wanka ya iso."

"Ya jira," in ji Kaka.

"Iya, la'asar fa."

"Na ce ya jira."

Ta taka da ƙyar ta sa wa ƙofar sakata. Ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta jawo ɗaya ƙafar ta ɗora a cinyarta, ita da ko guntun ƙanƙara ba ta taɓawa. Ta tsoma gefen mayafinta a bahona ta fara murzawa.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Na ji an kira la'asar, na ji an tada sallah a ƙofar gida, na ji an idar. Muryoyin maza suna tashi suna sauka a zaure. A ɗakin ba abin da ake ji sai ruwa yana ɗiga daga zane zuwa daɓe. Da ruwanmu ya huce Kaka ta leƙa ta 'yar ƙofa ta ce wa Gwaggo ta ƙaro, ba ta yi mata bayani ba, Gwaggo ma ba ta tambaya ba. Muka murza ƙafafu, muka murza ƙwauri, muka koma hannuwa. Sannu a hankali sanyin ya ja baya. Fatar ta yi laushi, ta yi ɗumi kamar ta mai rai, har na saki na zuba wa babban yatsan ido, ko ƙiftawa ba na yi. Sai Kaka ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, "Alasan." Ɗan farinta ne, tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, mai mota take ce masa, ko wancan. Ta sake kira, ta kuma sakewa, da muryar da ake tashin yaro ya tafi makarantar asuba. Muka kasa kunne mu biyu. Wani ƙuda ya sauka a kan zanen, ya yi tafiyarsa, ya tashi.

Ta kama hannuna ta ɗora a tafin ƙafarsa. "Taɓa ki ji. Ya yi ɗumi?"

Na ce ya yi.

"Ya tashi?"

Na dubi babban yatsan, yana nan yadda yake.

"Ni ma na so, ƙawata," ta ce. "Wallahi na so. Amma ba zan buɗe ƙofar nan ba sai kin ce."

Na ƙara jira. Na kara kunnena a ƙirjinsa, inda nakan kwanta in mota ta lalace mana a hanya. Na ɗago na sake duba yatsan. Hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya fara yin ja. Ɗumin da muka sha wuya muka sa masa ina jin sa yana fita a ƙarƙashin tafina, ba mai riƙe shi daga ciki. Na ce, "Kaka, ki kira su." Ita ta zare sakata, ni kuwa sai a lokacin kukan gaske ya zo mini, wanda ba tsoro a cikinsa.

Gab da magariba aka binne Baba. Na ji wasu suna gunaguni a ƙofar gida, wai rikicin tsufa ne, tsohuwa ta sa an wahalar da gawa a hanya, ta kuma sa jana'iza ta rasa la'asar. Kaka ta ji, amma har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa abin da muka yi a ɗakin nan ba. Inna ma sai da na yi haihuwar fari na ba ta labari. Bayan kwana arba'in muka dawo Djougou da zama, aka sayar da bashe, na ƙarasa girma a gaban kaskon Gwaggo Lami, ina kwana a bayan Kaka.

Yanzu manyan motoci masu injin sanyi ne ke kawo kifi Djougou, kowace unguwa da shagonta, tarwaɗa ma a cikin gida ake kiwonta. Ba mai ɗebo garin katako wurin kafinta don ya kare ƙanƙara daga rana. Mutuwa kuwa a waya take iso mana, kafin ka nemo mayafi an turo cewa an kai. Bara wani maƙwabcinmu ya rasu, aka tura 'yarsa gidana, aka ba ta waya ta yi wasa, aka ce mata babanta ya yi tafiya. Har yau in ta ji tsayuwar babur sai ta leƙa ƙofa. Ban ga laifin masu gaggawa ba, umarnin addini suke bi, kuma tausayi ne ya sa suka ɓoye mata. Sai dai in na gan ta a bakin ƙofar nan nakan yi kewar 'yar tsohuwar da ta tsayar da mazan unguwa guda a zaure, ta bar su suna zaginta, don wata yarinya mai warin kifi ta gama gani da idonta. Ni kam an jira ni.